Tiyon da Baba Ban-Yarda-Ba Ya Ɗaura

Kafin kowa ya iso rumfar gyaran jiragen sama, makanikinmu Baba Ban-Yarda-Ba ya riga ya zagaye tsohon jirginmu mai farfela, da tocila da farin ƙyalle a hannu. Ya duba ƙasa ko mai ya ɗiga, ya shafa, ya shinshina. Ka ce masa, "Baba, ai jiya aka duba wannan," sai ya kalle ka ta saman tabarau: "Wa ya duba?" Halin nan ne ya ja masa sunan. Ko ni da nake tuƙa jirgin, in na ce lafiya lau muka sauka, sai ya je ya taɓa tayoyi da kansa. Abin yana ba ni haushi, wallahi.

Yanzu da zai ajiye sifana ya huta, bari in faɗi abin da ya yi mini.

Jirgi in ya lula sama, dole a riƙa tura masa iska a ciki, in ba haka ba numfashi ya gagara. A namu, wani jan mai ne ke bi ta tiyo yana juya injin da ke tura iskar. To, sai ya zama duk sa'ad da na yi nisa, allurar da ke nuna ƙarfin iskar ta fara zamewa, kunnuwa su toshe, fasinjoji su hau hamma, dole in juyo. A gwada a ƙasa kuwa, ƙalau! Aka canza robar ƙofa, aka wanke bawul, shiru kake ji.

Sai ido ya dawo kaina. In na shiga ɗakin shan shayi, hira ta mutu. Wai tsoro nake ji, wai hannuna ne ke taɓa abin da bai kamata ba. Manaja ya kira ni: "Kyaftin, in kika sake juyowa ba a ga komai ba, sai dai ki huta." Na san irin hutun. Ranar a mota na sha kukana.

Baba ma bai raga mini ba. Ya titsiye ni: me kika taɓa, yaushe allurar ke fara sauka? Na ce, "Haba Baba, har da kai?"

Ya ce, "'Yata, ban yarda da ke ba, ban yarda da allurar ba. Gobe tare za mu tashi, ba fasinja."

Muka tashi. Ya ɗaga murfin daɓen jirgi ya durƙusa, yana bin kowane tiyo da bayan hannunsa. Da mai ya ɗau zafi, allura ta soma halinta. Can sai na ji muryarsa: "Sauke mu, na kama ɓarawon." Wani tiyo ya samu, gefe guda zafi kamar ya ƙona shi, ɗaya gefen ɗumi-ɗumi.

A rumfa ya tsaga shi a gaban kowa. Waje sumul, ciki kuwa robar ta saɓule, in ta ji zafi sai ta kumbura ta tare wa mai hanya. Kowa ya san wanda ya ɗaura tiyon nan. Shi ya sa ma ba wanda ya taɓa zarginsa. Wani makaniki ya ce, "Ai ganin aikinka ne muka tsallake shi, Baba."

"Aikina ne, sai me? Ni na ɗaura, ban leƙa cikinsa ba. Ku shafa wa Kyaftin lafiya."

Baba, kai ne mai zargin da ba ya zaɓe. Ka zarge ni ido da ido, ba a bayan kofin shayi ba, sannan ka hau jirgin da ake tsoro, ka bi zargin har ya tsaya a kan hannunka, kuma ba ka ɓoye ba. Dodon ɗigon mai! Har gobe ina kan kujerata saboda kai. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku kuma masu sifana da ya bari, in za ku yi zargi, ku yi irin nasa, ku haɗa da aikin hannunku.

Na san in aka ce maka an rubuta cewa kai mutumin kirki ne, za ka sauke tabarau ka ce, "Wa ya duba?" Ni na duba, Baba.