Ranar Da Aka Zura Fitila A Rijiyarmu

Ranar Talata ce, a shekarar da aka fara shari'a a Zamfara. Na dama kunu da ruwan da muka ɗebo tun daga fadama, don wata uku ke nan ruwan rijiyarmu ba ya shawuwa. Warin fetur yake yi. Ko akuya ta sunsuna sai ta kau da kai.

Ƙauyenmu yana bakin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Wani kamfani ya gina gidan mai a bayan kasuwa, ya binne tankuna a ƙasa, tsakaninsu da rijiyar bai fi taku hamsin ba. Sau uku dattawa suna kai kuka. A na ukun kamfani ya turo wani mai farar shadda da buhunan shinkafa da turamen atamfa. Ya ce tankunansu lafiya lau suke, rijiyar ce ta yi datti, a yashe ta. Har yau in na tuna murmushinsa sai raina ya ɓaci. Atamfar kuwa na karɓa, ba zan yi ƙarya ba.

Yasar rijiya ita ce sana'ar Malam, maigidana, gadon ubansa. Yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba. Ba ya shiga rijiya sai ya fara zura fitila a kunne. In ta mutu, iskar ciki mai kisa ce. In ta ci gaba da ci, ya yi bisimilla ya sauka. Nakan zolaye shi in ce ya fi yarda da fitilar nan a kaina. Babu wanda ya taɓa gaya masa abin da fetur yake yi in ya taru a rami. Allon gargaɗin gidan man ma da Turanci aka rubuta shi.

Ƙarfe takwas ya fita yasar rijiyar, igiya a kafaɗa, fitila a hannu. Takwas da rabi ina surfe a tsakar gida. Sai na ji ƙara guda, dum, har ƙasa ta girgiza. Kwanuka suka zubo a ɗaki. Kaji suka watse.

Na fita ko mayafi babu. Bakin rijiyar ya rufta, wuta da baƙin hayaƙi na tashi daga ciki. Wata maƙwabciyata ta rungume ni tana ihu, "Ya hwaɗa ciki! Ya hwaɗa ciki!"

Ƙarfe tara maza sun taru da shebur da fartanya, amma zafi ya hana a matsa. Suka nufi gidan mai neman abin kashe wuta. Masu gadi suka kulle ƙofa. Aka roƙa. Aka yi ihu. Wani ya jefa dutse. Sai harbi: biyu, shiru, sannan uku. Maƙerin garinmu ya faɗi a bakin titi. Daga nan ko liman babu mai saurare. Aka fasa ofis, masu gadi suka tsere ta baya.

Ni ban bar wurin rijiyar ba. Na riga na san ba ya raye. Abu ɗaya nake so, a fito mini da shi a yi masa wanka da salla kamar kowane musulmi. Wajen sha biyu wutar ta lafa, ƙannensa biyu suka fara tono.

Ana kiran azahar motoci uku suka shigo cike da masu kaki riƙe da bindigogi. Ba su tambayi kowa komai ba.

"Ku watse!"

Harbi ya biyo baya, ba ƙaƙƙautawa. Suka cinna wa rumfunan kasuwa wuta, ta kama dangar gidaje. Ƙannen Malam suka yar da shebur. Na kwanta a kan ƙasar da suka tono na ce ba inda zan je. Babban ya fincike ni.

"Tashi! Ɗauko ɗiyanki ki ruga!"

Na goya ƙaramar ɗiyata, na ja babbar a hannu. Muka faɗa gonakin dawa. Ba takalmi. Ƙaya ta cika mana ƙafa, yarinyar ba ta yi kuka ba sai haki. Da la'asar har lokacin muna jin harbi sama-sama a bayanmu. Wata Bafulatana a bakin ruga ta ba mu nono, ta ɗaure mini ƙafa da tsumma, ba ta tambaye ni komai ba. Rana na faɗuwa muka shiga Badarawa, gidan yayata.

Sai bayan kwana goma sha ɗaya aka bar mu muka koma. Rumbunanmu biyu sun zama toka. Akuyoyi babu ko ɗaya. Mutum huɗu aka binne a maƙabarta, kowa da kabarinsa. Ban tsaya ba, na wuce rijiya.

Kamfani ya zuba mata siminti, an shafe shi sumul. Saboda kare lafiyar jama'a, in ji su. Ba su fito da shi ba.

Liman ya yi masa salla ba gawa a gaba. Na yi takabata na gama. Yanzu mata suna shanya barkono a kan simintin, don wurin yana samun rana. Ni in zan je kasuwa ta bayan masallaci nake zagayawa.