Gashin Takabar Ƙanwata

Ku matso kusa, 'ya'yana, ku ba ni kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi muku ba. Abu ne da hannun nan nawa ya aikata, kuma har ranar da za a sa ni a ƙasa ba zan manta da shi ba.

A shekarun tsadar nan ne, da ruwa ya ɗauke gero bai cika ba, sabulu ma sai an bi layi. Mijin ƙanwata ɗan dako ne a kasuwar Dawanau. Zazzaɓi ya kwantar da shi kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar ba a daɗe da yaye ta ba. Ta shiga takaba da ƙananan kitso a kanta. A ƙauyenmu kuwa, a wancan zamani, mai takaba ba ta taɓa kai: ba mai, ba tsifa, ba mataji. Daga baya ne malamai suka ce mana ado aka hana, ba tsafta ba. Mu muka ƙara wa kanmu.

Wata huɗu da kwana goma suka cika. Ranar fita na zare mata ɗankwali, gabana ya faɗi. Tsohon kitso ya manne da sabon gashi, ya murɗe ya zama igiyoyi, kowace kaurin yatsa, har kafaɗa. Na sa mataji, haƙoransa suka karye. To a wurinmu wa ake gani da irin wannan kai? Sai wanda ya taɓu. Ga ta ta rame, ga ta ba ta magana sai an tambaye ta. Mata masu zuwa barka suka gani, kafin la'asar zance ya isa gidan dangin miji. Suka aiko cewa ran Juma'a yayar mamacin, gwaggon yaran, za ta zo ta tafi da su, don ba a barin marayu a hannun mai taɓin hankali.

Na ce a aske kawai. Ƙanwata ta dafe kanta da hannu biyu. "Yaya, masu hauka ake yi wa aski. In suka gan ni da ƙwaryar kai, ai na tabbatar musu."

Saura kwana uku. Sai ga maƙwabciyata mai dafa sabulu ta leƙo. "Ke kam kina son wahala. Man kantin nan da 'yan birni ke miƙar da gashi da shi, me kike zaton yana ciki in ba sodar nan tawa ba? Mu dama ta da ɗan man gyaɗa, kafin ki yi alwala gashi ya saki." Ni makitsiya ce tun ina budurwa, na san gashi ba ya son gaggawa. Amma tsoro ya toshe min kunne. Na ce ta kawo.

Gefen hagu na fara shafawa. Ƙanwata ta cije leɓe, gumi na tsatso mata. Na ce, "Da zafi ne, Auta?" Ta ce, "Ci gaba, Yaya. Don yaran ne." Sai na ji wani ƙauri kamar ana babbakar kan akuya. Na taɓa igiya ɗaya, ta biyo hannuna gaba ɗaya. Wayyo, na ja ta zuwa randa, na yi ta kwara mata ruwa, ruwan da muka ɗebo tun daga rijiyar bayan gari, har na ƙarar da na gidan duka. Da na duba, sama da kunnenta fata ta saɓule, faɗin tafin hannu, jawur. Maƙwabciya kuwa ta sulale, ko ƙwaryarta ba ta tsaya ɗauka ba. Malamin asibitin da muka kai ta wurinsa ya wanke ni tas da faɗa, ya ce ruwan nan ne ya hana abin kai wa ido.

Ban jira Juma'a ba. Ran Alhamis na ɗauki mayafi na bi ta cikin gonaki har gidan Gwaggo. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, lokaci na zo roƙo. Ki bar min ita da yaran har a yanke dawa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da aka ce kin dafa kan ƙanwarki kamar ganda?"

"Ni ce. Shi ya sa ni zan gyara."

Can ta ce, "Har a yanke dawa. In na zo na tarar da abin da aka faɗa min, kada ki buɗe baki."

Tun daga ranar, kullum hantsi, sai mu shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya. In jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, in wanke igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ina kauce wa ciwon. In raba su tun daga tushe kada su haɗe, in bar su su sha rana har cikinsu ya bushe, don igiyar da ta kwana da danshi wari take. Sannan in bi fatar kan da man kaɗe. Tsifar kuwa daga bakin gashi ake farawa, da tsinke, sili-sili. Wata igiyar kwana biyu take ci. Yatsuna suka kumbura, aka ce min in haƙura, na ce sai dai in yatsun ne suka zube.

Abin da ban zata ba, da kan ƙanwata ya zauna a cinyata, bakinta ya fara buɗewa. Ta faɗa min yadda mijin ke kawo wa yaran 'yan ƙwayoyin wake a aljihu, tsintuwar kasuwa. Ta yi kukan da ba ta yi ba wata huɗu. Ranar da ta ce, "Yaya, a hankali mana, kai ne fa, ba sussuka kike ba," na san ta dawo.

Gwaggo ba ta jira yankan dawa ba. Wata Talata sai muka ji sallamarta, saura igiya uku a ƙeya. Na yunƙura zan rufe kan, ƙanwata ta riƙe hannuna. Ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta sunkuyar da kai.

"Gwaggo, ga kan, ki duba. Tabon nan na soda ne. Igiyar nan kuwa ta ɗan'uwanki ce, don shi na bar kaina haka. In wannan ne haukan, to na yi."

Gwaggo ta kama igiya ɗaya, ta murza, ta kai hanci. Idonta ya kawo ruwa. "Ni a tawa takabar aske ni aka yi," in ji ta. "Ba wanda ya zauna min." Ta gyara zani ta zauna a tabarmar. "Ke uwar soda, miƙo min tsinken nan. Daga baki ake farawa, ko?"

Da yamma ta koma gida ita kaɗai.

Yaran nan a ɗakin uwarsu suka girma, daga nan aka kai kowace gidan mijinta. Gwaggo ta zama mai zuwa kitso wurina har ta rasu. Maƙwabciya ta ci gaba da sabulunta, amma ba ta ƙara ambaton gashi a gabana ba. Ƙanwata tana nan da ranta, kai ya cika da furfura, sai dai gurbin nan gashi bai sake fitowa ba. Duk kitson da zan yi mata, sai na kwantar da shi ta hagu in rufe.

Ni kuma daga ranar, duk gidan da aka shiga takaba, ana kwana bakwai nake zuwa da karkashina. Abin da ya ɗauki wata huɗu yana ƙullewa, 'ya'yana, ba a kwance shi a wuni ɗaya. Zama ake yi masa.