Hannun da Baba Ya Ce a Ɓoye

Ƙanena Sharhabilu yana ɗan shekara goma sha biyu injin niƙa nama ya cinye masa yatsu uku na hannun hagu, a rumfar Babanmu a Adjamé. Tun a asibiti Baba ya kafa doka: hannun nan a aljihu zai zauna. "Ni ban haifi musaki ba," in ji shi. To, da dama ake gaisawa, da dama ake ci, da dama ake miƙa kaya, wa zai tambayi hagu? Haka yaro ya girma yana ɓoye hannu kamar wanda ya yi sata.

Ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, kuma wallahi ya iya. Sai dai aikin nasu na hannu biyu ne, sau tari sai an danne maɓalli biyu ko uku lokaci guda. Sai ya zauna ya sauya wa maɓallan aiki. Na adanawa, na gwadawa, na komawa baya, duk ya kwaso su ya jera ƙarƙashin yatsun dama, kowanne danni ɗaya. In yana bugawa ba ka ganin yatsun don sauri.

Ya samu gwajin aiki a wani ƙaramin ofis a Arras, can Treichville, inda ake yi wa masu kanti manhaja. Teburinsa a lungu, hagu a cinya, babu wanda ya lura.

Ran nan mai ofis, wanda suke ce wa patron, ya zauna a kwamfutar Sharhabilu zai nuna wa wani baƙo aiki. Ya danna maɓallin da ya sani, shafi ya rufe. Ya danna wani, abu ya koma baya. Ya sha kunya, ya hau faɗa: a mayar da komai yadda yake, nan ba gidan uban kowa ba ne. Kun san abin da ƙanena ya ce? "D'accord, patron," wato "To, maigida." Shi ke nan! Magana ɗaya za ta fisshe shi, ya haɗiye ta.

Aiki ya koma masa tafiyar hawainiya. Gwaji na ƙarewa aka sallame shi.

Da na ji, ko mayafi ban gyara ba na hau tasin haya, woro-woro, sai Treichville. Na zazzage wa patron abin da ke cikina. Mutumin ya buɗe baki yana kallona.

"Yatsu? Madame, don me bai faɗa ba? Ai da na bar masa kayansa. Yanzu na riga na ɗauki wani."

Kaico! Na zo da faɗa, na rasa wanda zan yi da shi.

Na dawo rumfa na tarar da Sharhabilu yana miƙa wa mata nama da dama, hagu a aljihu. Baba na murmushi.

"Iklima, kin gani? Ɗana ya dawo sana'ar gado."

Ban taɓa ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Na fizgo hannun nan daga aljihu na ɗora a kan tebur, gaban masu saye.

"Baba, don Allah ka dube shi. Yatsu uku injinka ya ci. Sauran kuwa kai ka cinye su."

Baba ya kau da kai, ya kama wasa wuƙa. Sharhabilu ya daɗe yana kallon hannun a tsakanin tsoka da ƙashi, kuma bai mayar da shi aljihu ba.