Hannuwan Nives

Duk wanda ya san kasuwar tsofaffin littattafai ta birnin Modena a Italiya ya san Ermanno Bertacchini, tsohon nan mai hular ulu da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Ƙuruciyarsa duk a masana'antar mota ta ƙare, yana dukan ƙarfe da guduma har ya lanƙwashe ya zama jikin motar tsere. A can ya haɗu da Nives mai ɗinkin fatar kujeru, daga can kuma ya auro ta.

Bayan rasuwarta, ambaliyar kogi ta shiga gidansu ta cinye akwatin hotuna, ko ɗaya bai tsira ba. Da farko ya ce ba komai, ai fuskarta na cikin kansa. Sai ga shi a hankali fuskar tana dushewa, idanunsa ma suka bi sahu. Likita bai ɓoye masa ba, hasken da ya rage masa kaɗan ne. Ermanno ya tsorata ƙwarai, kada ya makance bai sake ganin ta ba.

Hoto ɗaya ya tuna. Wata rana can baya, mai ɗaukar hoto ya shigo masana'antar ya tsaya a gaban teburin Nives. Tunda kusan kowace shekara sai an fitar da sabon littafin tarihin kamfanin, ya shiga farautar hoton nan.

Littattafan kuwa, tsakani da Allah, ba don mutane aka yi su ba. Ga nauyi kamar dutsen niƙa, takarda sai ƙyalli. Mota ta gaba, mota ta gefe, direbobi rungume da kofuna. Al'adar wurin, in mai hoto ya shigo, shugaban sashe zai tafa hannu ma'aikata su ja da baya. Wanda ya makara, masu buga littafi su datse shi daga hoton.

Gualtiero mai sayar da littattafai ya saba da shi.

"Ka dawo shafa mini yawu a kaya, tsoho? Kullum buɗewa, ba saye."

"Rufe mini baki, ɓeran takarda. Motar da ke bangon nan ni na ƙera ta, kai ko tayar keke ba ka iya cirewa."

Haka suke yi, amma sabon littafi bai taɓa shigowa ba Gualtiero bai ajiye masa ba.

Da idanun suka hana shi fita, wata Lahadi sai ga Gualtiero har gida da littafi a hammata, yau babu zolaya. Ombretta, 'yar Ermanno, ta ture kwanukan taliya ta buɗe shi a kan tebur. Shafi guda cur, kujerar jar fata, da hannuwa biyu na mace a kanta. Daga wuyan hannu aka yanke hoton.

Ermanno ya sunkuya har hancinsa na taɓa takardar. Allura a hannun hagu, zare naɗe a ɗan ƙaramin yatsa. Duk sashen ɗinki ita kaɗai ke riƙe zare haka.

"Ita ce," in ji shi.

Ombretta ta share ido. "Baba, sun yanke fuskar. Ka yi haƙuri."

"Wace fuska? Kanta a sunkuye yake, 'yar nan. In tana ɗinki ko mai kamfani ne ya kira ta, sai ta kai ƙarshen layi take ɗagowa."

Ya cire tabarau, ya ɗora tafinsa mai kanta a kan hannuwan.

"Nives," ya kira a hankali.

Gualtiero ya tuɓe hularsa. Ba wanda ya motsa a ɗakin, tsohon na zaune yana jira ta gama layin.