Ƙasar Gonarmu a Gwangwani

Malamin aikin gona ne ya jawo mini, Allah ya jiƙansa. Muna aji biyu na sakandare a Karaye, da damina ya ce kowa ya ɗebo ƙasar gonar gidansu, ya cika manyan gwangwanayen madara biyu. A ɗaya mu shuka dawa ƙwaya ɗaya, a ɗayan kuma goma, mu ga yadda shuka ke kokawar abinci da 'yar uwarta.

Ni kuwa na san halin gonarmu ta Yammedi. An daɗe rabon da Fulani su kwantar da shanu a cikinta ta samu taki, don Baba ba shi da damin hatsin da zai ba su. A gida ba a zancen. Baba mutum ne mai son rufin asiri. Ko da koko muka kwana, da wankakkiyar riga yake fita.

Aka jera gwangwanaye a gindin tagar aji. Na 'ya'yan masu shanu suka yi kore shar, goman ma kowace ta samu rabonta. Nawa fa? Goman suka yi rawaya, sirara kamar tsintsiya, mai zaman kaɗaicin ma ta tsugune. Sai ga wuta-wuta ta leƙo, ciyawar nan mai shanye dawa tun daga saiwa.

"Kai, haka kuke wawason tuwo a gida?" in ji wani ɗan ajinmu. Na yi dariyar yaƙe, amma wallahi ji na yi kamar in nutse.

Ran kasuwa Baba ya biyo a keke ya kawo mini dafaffen rogo. Malam bai san ko uban wa ne ba. Suka gaisa, ya ja shi da murna ya ga gwajin, mu muna tsaitsaye. Malam ya nuna nawa, ya ce:

"Baba, dubi nan. Ƙasar nan ta mutu murus. Mai gonar ya ci amanarta, iyalinsa ne za su sha wuya."

"Na wane yaro ne, Malam?"

Sai ajin ya juyo gaba ɗaya ya zuba mini ido.

Baba ya daɗe yana kallon dawar. "Gaskiya ka faɗa, Malam," ya ce.

Ya miƙo mini ƙullin rogon, bai dube ni ba, ni ma na kasa ɗaga kai. Har na gama makarantar bai sake tako ta ba.