Famfon da Siminti Ya Cinye

Har gobe in na ga buhun siminti sai raina ya ɓaci. Jikokina suna dariya, wai Hajiya na faɗa da buhu. Ku yi dariyarku, ba ku san abin da ya ci mini ba.

Daga Dutsin-Ma aka kai ni aure Kurfi. Babana mutum ne mai tsinkaye. Ya san garin da wahalar ruwa in rani ya yi nisa, don haka ya sa aka gina tanki na siminti a bayan gidan mijina, wajen turken shanu, inda ruwan kwano ke zuba da damina. Daga gindin tankin aka binne bututu, ya ratsa ƙarƙashin ɗakin surukata, Inna, ya ɓullo bakin madafa. Nan aka kafa famfo. A gidan nan komai sai na roƙa, gishiri ma sai na aika. Ruwa ne kaɗai nake murɗawa da hannuna ya zo.

Shekarar da aka yi farin nan, ina da tsohon ciki, bangon ɗakin Inna ya fara jiƙa daga ƙasa. Tanki kuwa kullum ƙara sauka yake, ga wankan jego yana tafe. Maigidana ya tafi fataucin hatsi, ya bar gida a hannun wansa, wanda muke kira Yaya Alhaji. Mutum ne da ko tabarma za a kakkaɓe sai an jira izininsa.

Babana ya turo mai gyaran famfo daga Dutsin-Ma, wani Kirista mutumin kudu, mai sanyin hali. Ina jin su shi da Yaya Alhaji ta bayan katanga. Mai gyaran ya ce bututun ya tsage ƙarƙashin ɗakin, kuma ba sai an rushe ɗaki ba. Zai kwance bututun daga jikin tanki, ya dama siminti ruwa-ruwa kamar koko, ya ɗura a ciki. Simintin zai bi tsagar ya shiga ƙasa ya toshe ta. Amma kafin ya kama, dole a buɗe famfon ciki, shi kuma ya kora ruwa ya wanke bututun.

"Alhaji, ka bar ni in shiga in tsaya wajen famfon," in ji shi.

"Ina! Gidan matan aure ne, ba a shiga."

"To in lokaci ya yi zan yi wa uwargida magana ta nan, ta buɗe."

"Kul! Kada in ji muryarka ta tsallaka katangar nan. Ni za ka faɗa ma, ni zan faɗa mata."

Yaya Alhaji ya shigo yana baza babbar riga, ya nuna ni da carbi. "Ke, kada ki taɓa famfon nan sai na ce." Na ce, "To, Yaya." Bai gaya mini dalili ba. Ni kuwa ban san wane lokaci ne siminti ke kamawa ba, ban taɓa dama shi ba.

Na ɗauko kujera na zauna gindin famfon ina ɓarar gyaɗa. In na miƙa hannu zan taɓa shi. Ina jin mutumin yana damawa, yana ɗurawa, sannan shiru. Can sai na ji yana kai da kawowa, yana gyaran murya, yana buga bokiti da ƙarfe. Na ce a raina, wannan ko lafiya? Ashe neman Yaya Alhaji yake. Shi kuwa gogan, an zo an ce masa an kawo wani bijimi kara, kasuwar shanu, ya saɓa riga ya bi dillali. Mai gyaran, bawan Allah, ya zagayo zaure ya yi ta sallama. Inna ta amsa daga ɗaki yadda aka saba, "Masu gida ba su nan!" Ya kwasa da gudu kasuwa neman Yaya Alhaji.

Sai bayan la'asar Yaya Alhaji ya shigo yana sakace. "To, buɗe." Na murɗa. Ko ɗigo. Na sake murɗawa har tafin hannuna ya yi ja. Bututun ya zama dutse tun daga tanki har madafa.

Wallahi da ya yi shiru da na haƙura. Amma sai ya fita yana zage-zage, wai mutumin bai iya aiki ba, wai dama an ce kada a kawo baƙo. Mutumin da ya bi umarnin Yaya har ya kashe aikinsa! Na ji shi yana cewa, "Alhaji, kalma ɗaya ce, da ka bar ni na faɗa." Ya ɗaure kayansa a keke ya tafi. Ni kuma na shiga ɗaki na yi kuka, kukan haushi, har Inna ta ce zan jawo wa kaina naƙuda. Haƙa sabon bututu sai an fasa ɗakinta, wa zai yarda? Aka bar maganar.

Na haihu cikin bazara. Wankan jego safe da yamma, ruwan zafi tukunya guda, ga tanki can bayan katanga inda ba ni da ikon zuwa. To wa zai ɗebo? Yaya Alhaji da kansa ya samo 'yan ga-ruwa. Ƙarti majiya ƙarfi, daga su sai gajeren wando, suna ratsa tsakar gida suna wuce ni ina zaune da ɗaurin ƙirji. Wai su ai masu ruwa ne, an saba. Ran da suka ga dama su zo, ran da kasuwa ta ci su ɓace. Wankana ya yi ta tsinkewa, ban cika arba'in yadda ake yi ba, kuma ciwon bayan da na tashi da shi yana nan tare da ni.

Wata safiya Yaya Alhaji ya shigo ya tarar da biyu daga cikinsu suna juye garwa a randa, ni kuma ina tsugune bakin murhu. Ya ce, "Amarya, ya ruwa?" Na ɗago na dube shi, karo na farko tun da aka kawo ni gidan.

Na ce, "Yaya, ga shi nan maza na ta shigo da shi."

Ya juya ya fita. Famfon kuwa yana nan har na bar gidan, a kansa nake rataya matankaɗi.