Abin da Kawu Ya Binne Bayan Ɗaki

Hancin Inna ne ya fara tafiya. Mace ce da ta ƙare ƙuruciyarta tana daddawar batso tana kaiwa kasuwar Kanan-Bakashe, tun daga zaure take sanin ko tukunya ta nuna ko da saura. Wani hutu da na je gida daga Tasawa, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, sai ta miƙo mini curi ɗaya ta ce in shinshina mata. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Bayan nan miya ta riƙa ƙonewa tana zaune a gefen murhu. Sai ciwon kai, sai ido. Ta riƙa wuce mutane a hanyar rijiya ba gaisuwa, har aka soma cewa girman kai ya kama ta don ɗiyarta na cin albashi.

An yi ƙaho, an sha rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza. Da na gaji na kai ta Maraɗi aka yi mata sikaner, wato hoton cikin kai. Likita ya nuna mini wani dunƙule kamar ƙwan zabuwa zaune a gindin ƙwaƙwalwa, saman hanci, bayan idanu. Ya ce ƙari ne, sai an buɗe kan, kuma sai Yamai.

Babanmu ya daɗe da rasuwa, don haka magana ta koma hannun Kawu, yayan Inna. Shi ke wankan gawar maza a ƙauyenmu, shi ke auna kabari. Mutum ne da ko aski aka yi masa sai ya tattara gashin ya tona rami ya rufe. Ni kuwa ba ya kirana sai da "madan", sunan da yaran lakwal ke kiran malama, kuma yadda yake faɗar ta sai ka ce ƙwallon magarya yake tofarwa. Ban zaci zai yarda a fasa kan ƙanwarsa ba. Ya yarda, har ya ce da shi za a tafi. Allah ya sani na ji daɗi.

Likitan da zai yi aikin a Yamai ya zaunar da mu ni da Kawu. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta isar. Ya ce irin wannan ƙari yawanci mai sanyin hali ne, in an cire shi ke nan. Amma akwai mai dawowa da sauri, wanda sai an bi shi da gashin haske bayan aiki. Ido ba ya raba su. Sai an kai abin da aka ciro labo, ɗakin gwaje-gwaje, an yanka shi siriri an sa a madubi, sannan a san da wanne ake yi. Ya ƙara da roƙo: yana tara ragowar irin waɗannan ƙarin yana bincike a kansu tare da ɗalibansa, don a gane yadda cutar ke yi wa mutanenmu, ko za mu bar masa ɗan guntu? Na ce mun bari. Kawu ya dubi takalminsa.

Ranar aiki an aike ni farmasi sayen magani da ordonans, takardar likita. Ina can ina bin layi aka fito da abin a cikin kwalba, yana iyo a ruwan magani. A can dangin majinyaci ake ba kwalbar su kai labo da kansu, kuma wanda ke zaune a bakin ƙofa da rawani da gemu shi ne Kawu. Aka ba shi, aka kwatanta masa ginin. Ni da na dawo abin da na ji kawai shi ne aiki ya yi kyau, Inna na numfashi. Wa ke tuna kwalba a wannan hali? Washegari Kawu ya ce ruwa ya sauka a gida, gona na jiransa, ya hau kar, babbar motar fasinja, ya tafi.

Inna ta farfaɗo. Ranar da ta dube ni ta ce zanen da na ɗaura bai dace da rigar ba, kuka na yi don murna. Ina cikin wannan murnar likita ya tsaya a bakin gado ya ce labo sun ce ba su ga namu ba. Na kira Kawu a waya.

"Kawu, kwalbar nan da aka ba ka?"

"Tana nan. Na wanke ta sarai."

"Abin da ke ciki hwa?"

"Na ruhe shi, madan. Mi kike so in yi da shi?"

Likita ya ce in yana cikin ruwan maganin har yanzu, ko a ƙasa yake za a iya amfani da shi. Na bar Inna a hannun ƙanwata da ta zo taya ni jinya, na hau kar zuwa Tasawa, daga nan kabu-kabu ya yi ta jefa ni cikin taɓo har ƙauye. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa tsohon nan ya bar ɗan ruwan a jikinsa, ko a leda ce.

Na iske shi a bayan ɗakin da aka haife su, a tsohon gidan kakanninmu. Ya nuna mini wurin da sandarsa, hankalinsa kwance kamar mai nuna iyakar gona. Ya ce nan aka binne mabiyiyar Inna ranar da ta zo duniya, yana yaro yana kallo, don haka nan ya kawo wannan ma. Ruwan mai yaji ya zubar. Naman ya wanke shi da ruwa mai tsarki, ya naɗe a ƙyallen likkafani, ya yi bisimilla ya rufe.

Ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar.

"Ba ka ji abin da likita ya ce ba? Gabanka ya hwaɗa!"

"Na ji shi ƙwarai. Cewa ya yi a bar mishi naman ƙanwata cikin kabad, yara na yankawa kamar kilishi. In an tashe ta gobe kiyama da guntu a Yamai, mi zan ce ma Allah? Ni aka damƙa ma shi a hannu."

"Kawu, ba jikinta ba ne! Cuta ce!"

"Da jinin wa ta girma?"

Na fizgi hauya na tona wurin da kaina, da takalmin lakwal a ƙafata, matan gida na leƙe ta katanga. Damina ce, ƙasa ta sha ruwa. Abin da na samu ƙyalle ne duk huji, da gara tana ta harkarta.

Da na koma na gaya wa likita, ya dafe kansa. Bai zagi kowa ba, ni ce ma na so ya zaga. Ya ce ba zai tura ta gashin haske a kan zato ba, ba zai kuma ce mini ta tsira ba. Abin da ya rage sai a riƙa maimaita sikaner lokaci-lokaci a zuba ido. Na ce to a idonsa, da ya riƙe abin da hannunsa, wanne ya yi kama da shi? Ya ce ya yi kama da mai sanyin, amma ya sha ganin kama ta yaudare shi.

Na yi zaton Inna za ta goyi bayana in ta ji. Da na ba ta labari sai ta ɗaga hannu ta ce Allah ya saka wa Yaya da alheri, ya rufa mata asiri. Na fita waje na zauna a kan dakali don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Ni na yi ta zirga-zirga da ita daga Maraɗi zuwa Yamai, ni na kwana a tabarma a barandar asibiti, amma albarkar Kawu ya kwashe.

Yanzu tana wurina a Tasawa. Hancin bai dawo ba, daddawa ta zama tarihi, amma idon ya dawo har tana tsintar wake. Ni ce ban warke ba. Rashin sani ya fi dare duhu, ban san gaskiyar maganar nan ba sai yanzu. In ta ce kanta na sarawa, abinci ba ya wuce mini. Kullum da safe kafin in tafi lakwal sai na ɗaga mata hannu daga bakin ƙofa in ce yatsa nawa. Ta gaji da ni. "Biyar," in ji ta, "matso ki ji su a kumatu." Kawu kuwa tun ranar hauyar nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a tsaitsaye.

Da sallar da ta wuce mun je ƙauye. Muna zaune a tsakar gida Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, hannun ya wuce ta gefe ya kama iska. Ta sake, sannan ta samu. Wataƙila tsufa ne, wataƙila rana ce ta haske mata ido. Na ɗaga kai sai muka haɗa ido da Kawu, na san shi ma ya gani.

Ranar kasuwar Tasawa sai ga shi a gidana, ƙura har gwiwa. Bai taɓa tako gidan ba. Ya ƙi zama, ya tsaya a tsakar gida ya ciro wani ƙulli daga aljihun babbar rigarsa, leda cikin leda, an ɗaure da zare. Ƙasa ce.

"Daga wurin na ɗebo, na yi zurhi sosai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ki kai ma likitan ga, ɗiyata. Halan in ya sa madubin nashi ya ga wani abu."

Wata da watanni ina tanadin maganar da zan gaya masa duk ranar da ya gane. Na haddace ta tsaf, har da inda zan tsaya in dube shi. Ga ranar ta zo, ga shi a gabana da ƙullin ƙasar da ba za ta gaya wa kowa komai ba. Na karɓa da hannu biyu na ce za a kai.

Inna na zaune a bakin ƙofar ɗaki, fuskarta na kallonmu, rana tsaka. Ta ce, "Ke da wa kike magana?"